Ƙabila da lafiyar masu jinyar cutar mantuwa: yadda nauyi ɗaya ke cin mutane daban-daban

Ranar da likita ya tabbatar wa iyali cewa tsohonsu na fama da cutar mantuwa, sunan mutum ɗaya ake rubutawa a katin asibiti, alhali mutum biyu ne suka shiga jinya. Na biyun shi ne wanda ya rako marar lafiyar, yana riƙe da jakar magunguna, yana amsa tambayoyin da aka yi wa wani. Galibi mace ce: matar aure, ko 'ya, ko suruka. Ita za ta koma gida ta riƙa barci da ido ɗaya don kada tsohon ya buɗe ƙofa ya fita cikin dare. Ita za ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, ta amsa tambaya ɗaya sau ashirin kafin rana ta take. Wata rana kuma ya ɗago kai ya dube ta ya ce, "Ke wace ce?" Duk zuwan da take yi asibiti, da wuya wani ya ce ta miƙo hannu a auna jininta.

Cutar mantuwa, wadda likitoci ke kira dimenshiya, mu kuma muka saba cusa ta cikin abin da muke cewa gigin tsufa, suna ne na tarin cututtukan da ke lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya rasa tunani da magana da iya kula da kansa. Cutar Alzheimer ce ta fi yawa a cikinsu, domin ita ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da larurar a duniya, ana samun ƙarin kusan miliyan 10 kowace shekara. Ta ce a 2019 larurar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kuma kusan rabin wannan lissafin aikin dangi ne da makusanta waɗanda ba a biyansu ko sisi. Kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in jinyar mata ne ke yinsu.

Kafin a zo maganar ƙabila, yana da kyau a san abin da jinyar ke yi wa jiki. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka sun yi wani gwaji mai sauƙin ganewa. Sun samu mata 13 masu jinyar dangi da ke da cutar mantuwa, da wasu 13 sa'o'insu da ba sa jinyar kowa, suka yi wa kowacce ɗan ƙaramin rauni iri ɗaya a hannu, sannan suka zuba ido. Raunin masu jinya ya ɗauki kimanin kwana 49 kafin ya warke, na sauran kuwa kimanin kwana 39. Wato damuwa da rashin barci na shekaru suna kai wa har ga garkuwar jiki. Ba kowane mai jinya ne ke rushewa ba, da yawa suna fita lafiya, wasu ma suna samun nutsuwa a cikin hidimar. Amma wanda jinyar ta kai shi maƙura, jikinsa ne ke biyan bashin: hawan jini, ciwon baya saboda ɗaga babban mutum, ciwon damuwa, da watsi da nasa maganin don babu lokacin ganin likita.

To, ko wannan nauyi yana cin kowa iri ɗaya? Yawancin binciken da aka yi kan tambayar daga Amurka da Birtaniya ya fito, ƙasashen da ke rubuta asalin mutum a takardun lafiya, kuma al'ummomi dabam-dabam ke zuwa asibiti ɗaya. Aikin da aka fi komawa gare shi shi ne na Martin Pinquart da Silvia Sörensen na 2005. Sun tattara bincike 116 kan masu jinyar tsofaffi, suka kwatanta fararen fata da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da 'yan asalin Asiya. Sun tarar masu jinya daga tsirarun ƙabilu sun fi ƙarancin shekaru, sun fi ƙarancin abin hannu, sun fi ba jinyar lokaci, kuma sun fi ɗaukar kula da iyaye a matsayin wajibi. Baƙaƙen fata sun bayyana ƙarancin gajiyar zuciya da ƙarancin ciwon damuwa idan aka kwatanta da fararen fata. 'Yan asalin Latin Amurka da na Asiya kuwa sun fi fararen fata ciwon damuwa. Sai kuma abin da ya fi tsaya mini a rai: dukkan tsirarun ƙabilun, har da baƙaƙen fatan da suka ce zuciyarsu da sauƙi, lafiyar jikinsu ta fi ta fararen fata taɓarɓarewa.

A nan ƙullin yake. Ga mutum yana aiki fiye da kowa, da kuɗi ƙasa da na kowa, jikinsa ya fi na kowa jigata, amma idan an tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Me ke faruwa?

Bayani na farko, kuma bai kamata a raina shi ba, shi ne da gaske ne wasu al'ummomi sun fi samun ma'ana a cikin jinya. Matar da ta taso tana ganin kakarta a ɗaki ɗaya da ita, ta ga uwarta ta yi jinyar tata uwar, ba za ta ɗauki jinya a matsayin bala'in da ya katse mata rayuwa ba. Zango ne da ta san za ta iso. Idan aka haɗa da imani da addu'a da jama'ar wurin ibada masu leƙowa, zuciya na samun abin jingina. Bincike da dama a Amurka sun nuna baƙaƙen fata masu jinya sun fi ambaton alherin da suke gani a hidimar, kuma sun fi dogaro da addini wajen jurewa. Wannan ƙarfi ne na gaske.

Bayani na biyu yana cikin ma'aunin kansa. Ana auna nauyin jinya ne da takardar tambayoyi, kuma wadda ta fi shahara ita ce ta Steven Zarit, da ta fito a 1980, wadda aka fi amfani da ita da tambayoyi 22. Tana tambayar mai jinya abubuwa kamar ko yana jin ba shi da lokacin kansa, ko yana jin haushi idan yana tare da marar lafiyar, ko yana fatan ya miƙa jinyar ga wani. A wata al'ummar waɗannan tambayoyi ne na yau da kullum. A wata kuwa, 'yar da za ta buɗe baki ta gaya wa baƙo cewa uwarta ta zame mata kaya ta yi abin kunyar da ba za ta yafe wa kanta ba. Za ta ce a'a, a rubuta mata maki kaɗan, a sa ta cikin masu lafiya. Akwai kuma al'ummomin da damuwa ba ta fita ta bakinsu da sunan damuwa. Sai dai a ji ciwon kai, nauyin ƙirji, jiri, kasala, rashin cin abinci. Likitan da ke jiran kalmar baƙin ciki zai rubuta maganin ciwon kai ya sallame ta. Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, takardar tambayoyi kuwa baki kawai take tambaya.

Bayani na uku shi ne jikin da aka shigo da shi jinyar. Mutane ba sa fara wannan aiki daga wuri ɗaya. A Amurka hawan jini ya fi yawa a tsakanin baƙaƙen fata, kuma yana kama su da wuri. A Birtaniya ciwon suga ya fi kama 'yan asalin Kudancin Asiya, wato Indiya da Pakistan da Bangaladash, tun suna da sauran ƙuruciya, yayin da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki suka fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka da Karibiyan. Waɗannan cututtukan su ne kuma ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar mantuwa, musamman nau'in da ke zuwa daga lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa gida ɗaya ke shan dukan sau biyu: uwa tana mantuwa, 'yar da ke jinyarta kuma tana haɗiyar maganin hawan jini, idan ma ta tuna. Ƙungiyar yaƙi da cutar Alzheimer ta Amurka ta daɗe tana bayar da rahoton cewa tsofaffin baƙaƙen fata sun ninka fararen fata kusan sau biyu wajen kamuwa da cutar mantuwa, 'yan asalin Latin Amurka kuma kusan sau ɗaya da rabi. Wata masaniya, Arline Geronimus, ta kwatanta abin da ke faruwa da jikin matan baƙaƙen fata da yadda ruwa da iska ke zaizaye dutse: talauci da wariya da fargabar kullum suna tsufar da jiki kafin lokacinsa. Sai jinya ta zo ta hau kan wannan.

Wani zai ce ashe abin a jini yake. Akwai binciken da ya dace a tuna a nan, ko da yake kan masu cutar aka yi shi. Tun farkon shekarun 1990, Hugh Hendrie da abokan aikinsa na Jami'ar Ibadan, ciki har da Adesola Ogunniyi, suka riƙa bin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis na Amurka, da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sababbin masu kamuwa da cutar mantuwa a shekara kashi 1.35 cikin ɗari ne a Ibadan, a Indiyanafolis kuwa kashi 3.24. Mutane ne da tushen kakanninsu ya yi kusa, amma tazarar ta haura ninki biyu. Idan haka abin yake ga cutar kanta, wadda gado ke da hannu a cikinta, ina ga lafiyar mai jinya? A ganina, idan takardar bincike ta ce "ƙabila", sunan ƙunshi ne kawai. A cikin ƙunshin akwai kuɗi, da irin aikin da mutum ke yi, da harshe, da tarbiyya, da tarihin hijira, da irin kallon da ake yi masa idan ya shiga asibiti.

Ɗauki maganar wace ce ke jinyar. A tsakanin fararen fata, sau da yawa mata ko miji ne, wanda ya riga ya yi ritaya. A tsakanin tsirarun ƙabilu an fi samun 'ya ko suruka mai matsakaicin shekaru, tana da aiki, tana da 'ya'ya a makaranta. Dokar Amurka ta 1993 ta ba ma'aikaci damar hutun mako 12 don jinyar iyali, amma babu albashi a ciki, kuma ba ta hau kan ƙananan ma'aikatu masu ƙasa da ma'aikata 50 ba. Mai aikin ofis da ajiya a banki zai iya amfani da ita. Mai aikin shara ko girki ko gadi da ake biya bisa sa'a ba zai iya ba, kuma irin waɗannan ayyuka 'yan ci-rani da tsirarun ƙabilu ne suka fi yawa a cikinsu. Sai 'yar ko surukar ta yi aikin dare ta yi jinyar rana, barcin kuma ya zama abin da aka yafe.

Sai kuma wajibin kula da iyaye, wanda ake yawan yabawa, kuma ya cancanci yabo. Masana irin su María Aranda da Bob Knight sun daɗe suna nazarin yadda al'ada ke shiga tsakanin nauyin jinya da lafiyar mai jinya. Da farko an zaci al'ummar da ta fi fifita dangi a kan ɗaiɗaikun mutane za ta fi kare masu jinyarta. Abin da ya bayyana daga baya ya fi haka sarƙaƙiya. Fifita dangi yana da fuska biyu. Akwai fuskar taimako, inda 'yan'uwa ke karɓar juna, wannan ya kwana yau, wancan gobe. Akwai kuma fuskar tilas, inda kowa ya san wace ce za ta yi, kowa yana da ra'ayi kan yadda take yi, amma babu mai karɓarta. Ta farkon tana rage damuwa, ta biyun tana ƙara ta. Gida cike da mutane ba ya nufin hannu da yawa a kan aikin. Suruka na iya zama ita kaɗai a tsakiyar mutum goma, kuma ba ta da bakin cewa ta gaji, domin za a ce ba ta da tarbiyya. Hijira tana ƙara tsananta wannan: an taho da wajibin a zuciya, amma an baro dangin da ke taimakawa a wata nahiya.

Wannan fifita dangin ne ya haifar da wani zato da ya yi wa mutane illa sosai a Birtaniya, cewa waɗannan al'ummomi ai suna kula da nasu. Ma'aikacin lafiya ya ga tsohuwa ta zo da rakiyar mutum huɗu, sai ya ɗauka ba sa bukatar komai, ya ƙi ambata musu taimakon da ke akwai. Su kuma ba su tambaya ba, don ba su san da shi ba. Dokar kula da jama'a ta Ingila ta 2014 ta ba duk mai jinya haƙƙin a zauna da shi a duba bukatunsa shi kansa, akwai kuma alawus ga wanda ke jinya aƙalla sa'o'i 35 a mako. Amma sai mutum ya ɗauki kansa a matsayin mai jinya kafin ya nema. Matar da za ka tambaya ko ita ce mai jinya, ta ce maka a'a, ita 'yarsa ce kawai, ta riga ta fita daga lissafi. A 2013 wani kwamitin 'yan majalisar Birtaniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan 25,000 daga tsirarun ƙabilu ne ke da cutar mantuwa a Ingila da Wales, kuma adadin zai haura 170,000 nan da 2051. Kowane ɗaya daga cikinsu da wanda ke tsaye a kansa.

Sunan cutar ma yana da nasa tasirin. Harsuna da yawa ba su da kalma ta musamman da ke nufin ta, sai dai kalmomin da suka danganci hauka ko wauta, ko kuma a ce ai tsufa ne. Idan tsufa ne, babu dalilin zuwa asibiti. Idan hauka ne, sai a ɓoye, don kada a ce gidan na da tabo, a ƙi auren 'ya'yansu. Ko ta wace hanya, ana isa wurin likita a makare, lokacin da abu ya ƙazanta, bayan mai jinya ta shafe shekaru tana fama da halayen da ba ta san daga ina suke ba. Tsohon ya zarge ta da sata, ya zage ta a gaban baƙi, ita kuma tana ɗauka da gangan yake yi. Sanin cewa ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa yana sauke rabin wannan ciwon. Japan ta gane nauyin suna, shi ya sa a 2004 gwamnatinta ta sauya kalmar da ake kiran cutar da ita, wadda ke ɗauke da ma'anar wauta, zuwa wata mai nufin larurar fahimta.

Ga kuma harshe. Mutumin da ya koyi harshe na biyu da girmansa, idan cutar ta yi nisa, sau da yawa harshen nan ne ke fara gushewa, ya koma harshen da ya sha a nono. Wanda ya shekara arba'in yana aiki da Turanci sai ya wayi gari ba ya gane ma'aikaciyar da aka turo ta taimaka. Cibiyar da ake kai tsofaffi su wuni don mai jinya ta huta ta zama ba ta da amfani, domin babu mai jin maganarsa, abincin baƙo ne gare shi, kuma wataƙila namiji aka turo ya yi wa tsohuwa wanka. Sai iyali su janye, aiki ya koma kan mutum ɗaya, ita ce tafinta, ita ce nas, ita ce mai gadi. A Amurka akwai ƙarin rashin yarda mai tushe a tarihi. Baƙaƙen fata ba su manta da binciken Tuskegee ba, inda daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta bar ɗaruruwan mazajensu da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar ke cin jiki. Wanda ya gaji irin wannan labari ba zai yi saurin miƙa mahaifiyarsa da ba ta iya kare kanta ga hukuma ba.

Dole kuma a yi hattara da manyan sunayen da bincike ke amfani da su. Kalmar "'yan Asiya" a Amurka ta haɗa ɗan China da ɗan Koriya da ɗan Filifin da ɗan Indiya. "Baƙar fata" a Birtaniya ta haɗa wanda kakansa ya zo daga Jamaika bayan Yaƙin Duniya na Biyu da wanda ya iso daga Somaliya yana gudun yaƙi. Jikan da aka haifa a Landan ba ya kallon jinya yadda kakarsa ke kallo, kuma saɓanin da ke tsakaninsu kansa wata damuwa ce a cikin gida. Alƙaluman ƙabila suna da amfani wajen nuna wa hukuma inda ake barin mutane a baya. Ba su isa su gaya wa likita halin matar da ke zaune a gabansa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai an tambaye ta, kuma a yi tambayar ta hanyar da za ta iya amsawa ba tare da ta ji ta ci amanar iyayenta ba. Maimakon a ce mata ko mahaifiyarta ta yi mata nauyi, a tambaye ta sa'a nawa ta yi barci jiya, yaushe rabon da a auna jininta, wa ke karɓarta idan ta fita, sau nawa ta tsallake shan maganinta a wannan watan.

An gwada taimakon da ya yi la'akari da waɗannan abubuwa, kuma ya yi aiki. A wani gwaji mai suna REACH II, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2006, an ɗauki masu jinya 642 a birane biyar na Amurka, an raba su kusan daidai tsakanin fararen fata da baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka. Rabinsu sun samu zama 12 cikin wata shida, yawanci a gidajensu, wasu ta waya, da Turanci ko Sifaniyanci. An koya musu yadda za su bi da halayen marar lafiya, yadda za su kula da lafiyar kansu, da yadda za su nemi taimako, kuma an fara ne da tambayar kowa abin da ya fi damunsa. Bayan wata shida, masu ciwon damuwa a cikin waɗanda aka taimaka kashi 12.6 cikin ɗari ne, a ɗaya rukunin kuwa kashi 22.7. Ingancin rayuwa ya ƙaru ga 'yan asalin Latin Amurka da fararen fata. A tsakanin baƙaƙen fata kuwa, masu jinyar mata ko miji ne suka amfana a fili, 'ya'ya da sauran dangi ba su samu irin wannan sauƙin ba. Su ne kuwa mafi yawan masu jinya a al'ummarsu, masu haɗa aiki da tarbiyyar yara da kula da iyaye, kuma zama 12 na koyarwa ba ya ƙara wa yininsu ko sa'a ɗaya. Irin wannan mai jinya tana bukatar wanda zai zauna da mahaifiyarta na 'yan sa'o'i a mako, mai jin harshenta, wanda iyalin suka amince da shi, don ta samu ta je a duba nata hawan jinin.